Ɗakin Amarya: A Rage Jere, Kada A Rage Rabonta

Yau filin namu ɗakin amarya zai shiga, kuma na sani tun ban yi nisa ba wasu daga cikin iyayenmu za su ce yarinyar nan ta cika shisshigi. To, a yi mini haƙuri a ji ni tukuna.

Watan jiya muka kai 'yar baffana ɗakin mijinta. Ciki da falo ne na haya, da ɗan kicin a gefe. Abin da aka jera mata bai fi a ƙirga da yatsu ba: gado da katifa mai kauri, da sif guda, da madubi a jikin bango, da labule. A falo kuwa doguwar kujera ɗaya da ƙanana biyu, da darduma, da matasai huɗu. Kicin tukwane biyar, da kula biyu, da farantan da za su ishi mutum goma. Shi ke nan. Babu kabet, babu tangaran ɗin ado, babu furannin roba. Ita amaryar ce da kanta ta roƙi a yi mata haka, don ta ga irinsa a waya ya ba ta sha'awa.

Da 'yan ganin ɗaki suka shigo, sai wata ta ɗaga labule ta leƙa, ta ce, "Ko motar kayan ba ta iso ba ne?" Wata kuma ta yi ƙasa da murya, amma yadda kowa zai ji, ta ce, "Allah sarki, ashe marainiya ce." Alhali kuwa ubanta na nan da ransa, kuma ba a rasa abin yi a gidansu ba. Gwaggonmu, wadda ita ta shugabanci 'yan jere, ta fita bayan ɗaki ta yi ta share hawaye da gefen mayafi. Na bi ta ina ba ta haƙuri, ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, ba ki san kome ba. Ɗakin mace shi ne mutuncin gidansu. Yau an kunyata mu a gaban dangin miji."

Tun ran nan maganar Gwaggo take yi mini yawo a ka. Ina ganin amarya ta yi daidai, ina kuma ganin kukan Gwaggo ba na banza ba ne. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Bari mu fara da inda salon ya fito. Turawa na kiransa minimalizim, watau taƙaita kayan ɗaki zuwa ga abin da ake bukata kurum, a bar sarari da haske su zama su ne adon. Sunan ya bazu ne daga wajen masu zane da sassaƙa na birnin New York a shekarun 1960, amma in ana maganar zaman gida, mutanen Japan aka fi kafa misali da su. A gidajensu na gargajiya ana auna ɗaki ne da yawan tabarmin da ya ci, kowace tabarma kamar ƙafa 6 a tsawo da ƙafa 3 a faɗi, har a ce ɗakin wane mai tabarma shida ne. Shimfiɗar kwana da safe ake naɗe ta a tura cikin wata ma'ajiya a jikin bango, sai ɗakin kwana ya koma ɗakin zama da cin abinci. Wurin ado ɗan lungu ne guda, a rataye zane ɗaya, a ajiye fure, in lokacin shekara ya juya a sauya su. A shekarar 2011 wata 'yar ƙasar mai suna Marie Kondo ta fitar da littafi a kan kintsa gida, inda ta koya wa mutane su ɗauki kayansu ɗaya bayan ɗaya, wanda ba ya faranta musu rai su rabu da shi. Aka fassara shi zuwa Turanci a 2014, a 2019 kuma aka yi mata shiri a Netflix, daga nan abin ya game duniya, har ya iso wayoyin 'yan matanmu.

Amma a lura da abu guda. Mutanen da aka rubuta wa littafin nan kaya ne suka yi musu yawa, sun saya sun saya har sun rasa wurin taka ƙafa, kuma dukiyarsu tana banki, ba ta cikin ɗaki. Mu kuwa ba haka tarihin ɗakinmu yake ba, kuma duk wadda za ta yi wa iyayenmu dariya a kan jere, to, ba ta san abin da jere yake nufi ba.

Kakanninmu da ƙorai suka fara, da akusa da faya-fayai, ana jera su a rataye a ragaya. Sai tasoshin tagulla suka shigo. Bayansu sai kwanonin langa masu fenti da furanni, waɗanda aka riƙa kawowa daga Turai da Hong Kong kafin a kafa masana'antunsu a Ikko da Kano. Wadda ta tashi a gidan da akwai tsohuwa ta san yadda ake ɗora kwalla kan kwalla, da fanteka da kumbo, tun daga ƙasa har su kusa taɓa rufi, ga gado mai rumfa an ɗora masa katifu har sai an taka kujera kafin a hau. Daga baya samira da kabet suka karɓe su. Ba a cin abinci a yawancin kwanonin nan, kuma ba wauta ce ta sa ake tara su ba. Su ne asusun mace. Uwa tana fara saye tun 'yarta na goye, da ribar ƙuli-ƙuli da fura da kuɗin adashi, yau kwano ɗaya, wata mai zuwa biyu. Ran da ciwo ya zo, ko yunwa, ko bikin 'yar'uwa, sai a zare kwalla ɗaya a ba dillaliya, kafin la'asar kuɗi sun zo hannu. In aure ya mutu, Allah ya kiyaye, mace da kayanta take fita, ba mai cewa nasa ne. In ta haifi 'ya mace, rabin jeren 'yar daga bangon uwar zai sauko. Macen da ba ta fita kasuwa, ba ta da gona, ba ta da littafin banki, wannan bangon shi ne ƙarfinta a gidan miji, kuma kishiya da uwar miji duk sun iya karanta shi.

Ashe ke nan da Gwaggo ta ga bango fayau, abin da ta gani shi ne yarinya an kai ta gidan wasu hannu wofi. Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma ban yarda a amsa shi da cewa zamani ya canja kurum ba.

Abin da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne, kayan da muke jerawa yau suna yin aikin da kwalla ta yi wa kakanninmu? Ni dai na duba ban gani ba. Kwanon langa yakan shekara ashirin a bango a sauke shi a sayar da daraja. Saitin gado da sif da kabet na yanzu, mafi yawansu ba katakon kirki ba ne, dussar katako ce aka cakuɗa da gam aka danne, aka lulluɓe da wata 'yar fata mai sheƙi. Ruwa ya taɓa ƙafarsa ya kumbura. A kwance shi sau biyu don tashi daga gidan haya, ramukan kusoshin sun zaizaye, ƙofa ta karkace. Ga shi kuma yayi ba ya jimawa, abin da aka yi rububinsa bana, baɗi an ce ya tsufa. Ki je wurin dillalan tsofaffin kaya ki ji abin da za su taya kujerun da ba su shekara biyu ba, sai kin riƙe baki. Watau mun riƙe siffar al'adar, mun saki amfaninta. Ana zuba dukiya a ɗaki kamar dā, amma dukiyar narkewa take yi.

Ga kuma abin da ake sha kafin a tara ta. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki darajar naira, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a shekarar 2024, kuma kayan ɗaki, da yake yawancinsu ko kayan haɗa su daga waje suke zuwa, su ma sun tashi. Kowace unguwa akwai uban da ya sayar da gona ko ya jinginar da gida don kada a yi da shi. Akwai uwar da ta ci adashi uku a haɗe, ta shekara biyu tana zubi da kuɗin cefane. Akwai yarinyar da aka sa mata rana aka ɗaga, aka sake ɗagawa, har saurayin ya gaji, ba don kome ba sai don kabet. A makarantar da nake koyarwa na ga yarinya mai ƙoƙari da aka hana ta wucewa sakandare, uwar ta ce mini a fili, talla za ta yi ta tara na kayan ɗakinta. In nauyin nan bai kai nauyi ba, me ya sa gwamnatin Jihar Kano, tun da ta fara aurar da zawarawa a 2012 har zuwa auren mutum 1,800 da matansu da ta yi a 2023, take haɗawa da gado da katifa? Ta san inda aure yake maƙalewa ne.

To, a ce ma kuɗin akwai. Ɗakin fa? A nan sai ku bar ni in yi ɗan lissafi irin namu na aji. Ɗakin haya da aka saba gani ƙafa 12 ne tsawo, 12 faɗi, watau murabba'in ƙafa 144. Gado mai ƙafa 6 da 6 ya cinye 36, kashi ɗaya cikin huɗu ke nan tun ba a je ko'ina ba. Sif mai tsawon ƙafa 6 da zurfin 2 ya ci 12, kuma sai an bar masa wasu 12 a gabansa don a buɗe ƙofofinsa. Madubi da kujerarsa 8, durowoyin gefen gado biyu 8, inda ƙofar ɗaki take juyawa 9. An tashi da 85. Saura 59, su ma ba a dunƙule suke ba, 'yan siraran lunguna ne da sai mutum ya bi a kaikaice. A nan za a yi salla, a nan za a ajiye akwatunan lefe, a nan jariri zai koyi rarrafe. Na taɓa shiga ɗakin da sif ya toshe taga ɗaya tilo da ke cikinsa, da na yi magana aka ce ai babu inda zai shiga sai nan. A garin da zafin bazara kan wuce digiri 40, kuma wuta ba ta da tabbas, an zaɓi sif a kan iska.

Duk abin da ba a iya jansa a share bayansa kuwa, ya zama gidan wasu. Kyankyasai da ɓeraye a bayan kabet, sauro a cikin ninkin labule mai hawa uku, kuɗin cizo a ɗinkin allon gado mai soso. In hunturu ya shigo da ƙurarsa, kowane tangaran da kowane furen roba sai an bi shi da tsumma, gobe kuma a sake. Mu da muke fita aiki da sassafe mun san wa yake biyan wannan harajin. Amaryar da aka cika wa ɗaki an ba ta aikin yini ne, ba wanda ya tambaye ta ko tana so.

Sai dai kada 'yan mata su ji wannan su ce duk abin da suka gani a waya shi ne daidai. Hotunan nan na farin ɗaki fes, farar kujera, farin kafet, da ɗan tebur guda a tsakiya, da yawansu sun fi jeren Gwaggo tsada, don kayan da suka ɓace wa ido suna nan a ɓoye cikin ma'ajiyoyin da aka gina a bango da kuɗi masu yawa. Farar kujera kuma ba ta san hazo ba, ba ta san hannun yaro mai manja ba. Gidan Bahaushiya ba ya rabuwa da baƙi, ranar suna mace talatin za su zauna a falon nan, saboda haka wadda ta ce faranti huɗu sun ishe ta, ranar za ta bi maƙwabta aro. Ita kanta Marie Kondo a 2023, bayan ta haifi ɗa na uku, ta faɗa cewa ta sassauta, gidanta ba ya zama tsaf kamar dā. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, don ta nuna matar mai gaskiya ce.

Mu ɗauki hankalin abin, mu bar kwaikwayon hoto. Kuma in an duba, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ɗakin kakata a ƙauye daɓe ne mai santsi, bango an shafe shi da farar ƙasa, gado ɗaya, adudu ɗaya, tabarma a naɗe a jingine, randa a lungu da moɗa a kai. In ka shiga da rana tsaka sai ka ji sanyi ya ratsa ka. Ba ta taɓa jin sunan Japan ba.

Wadda za ta shiga sabon gida, shawarata ta farko ita ce ta aika a auno mata ɗakin kafin a je wurin kafinta, a san inda taga take da inda ƙofa take buɗewa. Mu kan yi akasin haka, a sayi kaya tukuna sa'an nan a je ana dambe da bango. Taga kada a ba kowa ita. Kuɗin da za a raba wa abu goma a tara su a kan uku da jiki zai mora kullum: katifa ta ƙwarai, da tukwane masu kauri, da sif na katakon gaske wanda zai jure tashi. Gado a yi shi da ƙafa yadda tsintsiya za ta shiga ƙarƙashinsa, a kuma bar wurin ɗaura gidan sauro. Launi biyu sun isa, kuma a zaɓi masu haƙuri da ƙura, kamar ruwan ƙasa da ruwan toka. Don baƙi, tabarmi da dardumai da ake naɗewa sun fi kujera bakwai, suna zaunar da mutum ashirin, in an watse su koma bayan ƙofa. Kwanonin taro a sa su cikin babbar roba mai murfi, a fito da su ranar da ake bukata. Ado kuwa a zaɓi ɗaya ko biyu da ke da ma'ana, faifai mai kyan saƙa, ko tasar da aka gada wurin kaka, a ba shi bango shi kaɗai. Za ki yi mamakin yadda mutane za su tsaya kallonsa, abin da ba sa yi wa kabet mai tangaran ɗari. Sauran kuma a jira. In kin zauna wata uku a ɗaki, shi da kansa zai gaya miki abin da ya rasa.

Yanzu ga sharaɗin da na ɗora a kan duk abin da na faɗa, kuma da iyaye maza nake, don na san wasunsu na karɓar jaridar nan su leƙa filinmu. Kada wani ya ɗauki rubutun nan ya kai wa matarsa ya ce, kin ji ko malamai ma sun ce a daina kayan ɗaki, sa'an nan ya mayar da kuɗin aljihunsa ko ya ƙaro aure da su. In an rage jere, abin da aka rage haƙƙin yarinyar ne, a juya shi zuwa abin da ba ya kumbura in ruwa ya taɓa shi. Zinariya ce, ko tumaki, ko keken ɗinki, ko ɗan fili, ko kuɗin ƙarasa karatu, duk wanda ya sawwaƙa. A rubuta da sunanta, takardar tana hannunta, a kuma faɗa a gaban dangin ango ranar kai amarya, yadda dā ake buɗe jere kowa ya gani. In ba a yi haka ba, gara a bar mata kabet ɗinta, ko banza ranar tsiya ta sami abin kai wa dillaliya. Ango shi ma ya sani, ɗaki mai sarari ba izni ba ne ya kwaso tarkacensa ya cika shi, ko ya riƙa yi mata gori wai ba ta zo da kome ba.

Mu mata kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ba maza ne ke ɗaga labule suna ƙirga kula ba. Uban da ya sayar da gona, bakinmu yake tsoro. Mu ne muke zuwa ganin ɗaki kamar masu binciken makaranta, mu fito mu kai rahoto gida gida, yanzu har da ɗaukar hoto a watsa a waya kafin amarya ta buɗe kai. Matar da ta kira 'yar baffana marainiya tana da 'yan mata uku a gabanta, kuma na tabbata da dare ita ma lissafin nan yana hana ta barci.

Gwaggo dai ba ta sauko ba sai da Baffa ya kira ta ya buɗe mata jaka, ya nuna mata sarƙa da 'yan kunne na zinariya da rasiɗinsu da sunan yarinyar, da takardar biyan kuɗin shekarar ƙarshe ta kwalejin horon malamai, ya kuma gaya mata keken ɗinki na nan tafe. Ta juya rasiɗin, ta ba ni in karanta mata sau biyu. Sa'an nan ta ce, "To, ai da sai ku faɗa a gaban mutane, Alhaji." Ya amsa cewa a nan kam an yi kuskure.

Makon jiya na koma gidan amaryar da yamma. Na tarar ta shimfiɗa darduma a falo, yaran maƙwabta biyar sun kewaye ta tana koya musu karatu, taga a buɗe, keken yana lungun da aka so a sa kabet. Gwaggo ta riga ni zuwa, ta kawo mata kwalla guda daga cikin nata na aure, mai jan fure, ta ce ko ba a so sai an ajiye. Amarya ta karɓa da hannu biyu, ta ɗora ta a kan sif, a ciki take zuba zare da almakashi.